GASHI A FUSKAR MATA: A NEMI WUTAR KAFIN A KORI HAYAƘI

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, gama maganar wannan mako ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi ta ɗaga ta saboda kunya, sai daga baya na ga ashe kunyar nan ita ce rabin cutar.

Maganar kuwa ita ce gashin da ke fito wa waɗansu mata a wuraren da ba a saba ganinsa ba sai ga maza, watau haɓa, da leɓen sama, da saje, da ƙirji, da ƙasan cibiya. Na san wani zai ce, "Ashe Malam ya rasa abin rubutu, sai gemun mata?" To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Da idona na ga aure ya kusa mutuwa a kan silin gashi da ba su kai talatin ba.

Ina da wata 'yar ƙanwata a wani ƙauye na ƙasar Kiru, ba nisa da Kwanar Ɗangora. Ta yarje mini in ba da labarinta, amma ban da sunanta. Cikin 2021 aka yi mata aure, aka kai ta wani gari a ƙasar Tudun Wada. Tun tana budurwa al'adarta ba ta zuwa kan lokaci, sai ta yi wata biyu ko uku ba ta gani ba, amma ba wanda ya ɗauki wannan a bakin kome. Bayan aure ta ƙara jiki, ƙuraje suka feso mata a fuska, sa'an nan gashi baƙi mai kauri ya soma tsirowa a haɓarta. Kullum da asuba, kafin mijinta ya komo daga masallaci, sai ta ɗauki madubi da hantsaki ta tsige shi. In za ta biki ko suna, sai ta ɗaura takunkumin nan na fuska da annobar 2020 ta bar mana, ta ce mura ta ke yi.

Shekara biyu ba ciki, sai dangin miji suka soma magana. Wata ta ce mace mai gemu mayya ce. Wata ta ce a'a, alamar arziki ce. Wata ta ce sammu aka yi mata. Wata tsohuwa kuwa ta ce jinin maza ya yi mata yawa, shi ya sa ba ta haihuwa. Abin mamaki, wannan tsohuwa da ta yi maganar don cin fuska, ita ce ta fi kusa da gaskiya, kamar yadda za mu gani.

Yarinyar nan ba abin da ba ta gwada ba. Ta sayi wani mai a kasuwa wanda aka ce yana kashe gashi, ya saɓule mata fata. Ta yi halawa irin wadda a ke yi wa amare, gashin ya fita, mako uku ya komo. Daga nan wata ƙawarta ta ba ta labarin wata na'ura a birni mai ƙone gashi da haske, ta ce da an yi sau ɗaya shi ke nan har abada. Ta sayar da awakinta biyu, ta je wani shagon gyaran jiki sau uku. Abin da ta samo shi ne tabo baƙi ƙirin a haɓa, kamar an ɗiɗɗiga mata garwashi, gashin kuma yana nan. Ran da uwar miji ta ga tabon ta ce kuturta ce, ran nan yarinyar ta yi yaji.

Mai ɗakina ce ta same ni ta ce, "Malam, yarinyar nan ciwo gare ta, kuma kowa sai duban haɓarta ya ke yi." Na aika aka kira ta. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Kawu, ni dai in an raba ni da gashin nan, ba na neman kome kuma a duniya." Washegari muka kama hanyar Kano, wurin wata likitar mata.

Mai ɗakina ce ta shiga da ita, ita ta kawo mini labari. Ta ce likitar ba ta ko fara da haɓar ba, sai ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da al'ada?" Ta ce wata huɗu. Ta tambaye ta tun yaushe gashin ya soma, da sauri ya zo ko a hankali, muryarta ta sāke ko ba ta sāke ba, wane mai ta ke shafawa, wace ƙwaya ta ke sha, akwai masu ciwon sukari a gidansu ko babu. Ta duba bayan wuyanta, ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton mara. Da sakamako ya fito ta sa aka kira ni, ta ce, "Baba, gashin nan hayaƙi ne. Wutar tana ciki." Abin da zan bayyana yanzu, daga bakinta na fara jinsa, sa'an nan na bi na karanta don in tabbatar.

Cikin jinin ɗan Adam akwai waɗansu sinadarai masu yawo, su ne 'yan aiken jiki. Ɗaya daga cikinsu shi a ke kira na maza, shi ke sa yaro in ya balaga muryarsa ta buɗe, gemu ya tsiro masa. Mace ma tana da shi, amma kaɗan. In ya yi mata yawa, ko kuwa saiwar gashinta ta cika jin kiransa, sai lallausan gashin nan da kowa ke da shi a fuska ya rikiɗe ya zama baƙi mai kauri. Ba maita, ba sammu, ba alamar arziki. Likitoci har ma'auni gare su. Waɗansu biyu a Ingila, Ferriman da Gallwey, suka fito da shi cikin 1961, daga baya aka gyara shi ya koma wurare 9 na jiki. Kowane wuri a kan ba shi lamba daga 0 zuwa 4 gwargwadon yawan gashinsa, in jimla ta kai 8 sai a ce abin ya wuce na al'ada.

Abin da ya fi kawo wannan, nesa ba kusa ba, wani ciwo ne na ma'ajiyar ƙwan mace, wanda likitoci suka daɗe suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, PCOS. Waɗansu likitoci biyu na birnin Chicago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka bayyana shi cikin 1935, bayan sun duba mata 7 masu ɗaukewar al'ada. Alamunsa uku ne: al'ada mai tsallake watanni, da yawan sinadarin maza wanda gashi da ƙuraje ke nunawa, da ƙananan ƙwayaye masu yawa da a ke gani a hoton mara, waɗanda suka soma girma ba su nuna ba. A wani taro da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan cikin 2003 aka daidaita cewa in an sami biyu cikin ukun nan, aka kuma tabbata ba wata cuta ce ta kawo su ba, to, shi ne. Kimanin mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har 70 cikin 100 na masu shi ba a taɓa gano musu ba. Malamin da ke da 'yammata 50 a aji, ya yi lissafi da kansa.

Dalilin da ya sa na ce a nemi wutar shi ne, ciwon nan bai tsaya ga fuska ba. Yana jinkirta haihuwa, domin ƙwai ba ya fita kowane wata. Sau da yawa jikin mai shi ba ya sarrafa sukari yadda ya kamata, don haka ciwon sukari ya fi saurin kama ta. Baƙin nan mai santsi da ke fita a bayan wuya ko hammata, wanda a ke zagin yarinya a kansa a ce ba ta cuɗa, yawanci alamar wannan ce. Har wa yau, in mace ta riƙa yin watanni da yawa ba al'ada, shekara da shekaru, bangon mahaifa ya kan yi kauri, wannan kuwa yana iya zama mugun ciwo nan gaba. Wadda ta ƙone gashin ta bar waɗannan, ta share toka ne ta bar garwashi.

Dalili na biyu, mu muke sayo shi da kuɗinmu. Da yawa daga mayukan bilicin da a ke haɗawa a kwalabe marasa suna, akwai wani magani mai ƙarfi a cikinsu wanda likitoci ke kira sitiroyid. Amfaninsa na asali kwantar da kumburi da ƙaiƙayi ne, na 'yan kwanaki, bisa umurnin likita. In aka daɗe ana shafa shi, fata ta kan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su fito, gashi kuma ya tsiro. Irin wannan magani ne kuma cikin ƙwayar nan ta ƙiba da a ke kira sha-ka-fashe, wadda 'yammata ke sha gab da biki. Fuska ta cika kamar wata ɗan daren goma sha huɗu, a ce amarya ta yi kyau, alhali kumburi ne, bayansa ga hawan jini, ga sukari, ga gashi. Cikin 2023 Hukumar NAFDAC ta yi shela cewa bilicin ya zama babbar barazana ga lafiyar ƙasa. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

Na uku ba shi da yawa, amma shi ya fi gaggawa. In gashi ya zo farat ɗaya, cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri, gashin kai ya soma zubewa ta goshi irin na maza, to, kada a kwana biyu. Yana yiwuwa ƙari ne ya fito a ma'ajiyar ƙwai, ko a wata 'yar tsoka da ke zaune bisa kan ƙoda, shi ke zubo sinadarin. Wannan aikin babban asibiti ne, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Akwai kuma magungunan da ke sa gashi, kamar wani na farfaɗiya mai suna fenitoyin, amma kada mai shansa ta bari da kanta, sai ta gaya wa likita. Sa'an nan akwai matan da gadon gidansu ne kurum, al'adarsu daidai, jininsu daidai, da tsofaffin da ke samun 'yan sili a haɓa bayan al'ada ta ɗauke. Waɗannan ba su da ciwo, amma awo ne zai nuna haka, ba zancen maƙwabta ba.

To, yanzu sai maganar na'urar nan. Sunanta leza, kada mai karatu ya ɗauka reza na ke nufi. Haske ne mai launi ɗaya tak wanda aka tattara wuri guda, kamar yadda 'yan makaranta ke tattara hasken rana da gilashi su ƙone takarda. Wani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara ƙera ta cikin 1960, da dutsen jan yaƙutu. Cikin 1983 waɗansu likitocin fata biyu na birnin Boston, Rox Anderson da John Parrish, suka nuna cewa in aka zaɓi hasken da ya dace, aka sake shi ɗan lokaci ƙanƙane, zai ƙone abin da a ke nufi cikin fata ya bar na kewaye da shi. Cikin 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta fara yarda a yi amfani da leza don kawar da gashi.

Yadda ta ke aiki, kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi da bazara, domin baƙi yana shan haske. Haka baƙin gashi ke shan hasken leza, ya yi zafi, zafin ya gangara ya ƙone saiwar. Nan fa matsalarmu ta ke. Sinadarin da ya rina gashi baƙi, shi ne ya rina fatarmu. A jikin Bature, baƙin gashi kan farar fata, haske ba ya ɓata hanya. A jikinmu kuwa kamar neman baƙar akuya ne cikin duhu, fatar ma sai ta sha hasken ta ƙone. Na'urorin farko da farar fata aka gwada su.

Don haka sai a san ba leza ɗaya ba ce. A kan bambanta su da tsawon haskensu, da wani awo mai suna nanomita. Ta yaƙutu 694 ce, wadda a ke kira alekzandarait 755, dayod wajen 810, sai wadda a ke rubutawa Nd:YAG, ita 1064. Gwargwadon tsawon haske, gwargwadon yadda ya ke wuce baƙin da ke saman fata ya nutsa zuwa saiwa. Saboda haka ta ƙarshen nan, mai 1064, ita likitocin fata suka fi amincewa da ita ga baƙar fata. Akwai kuma wata fitila mai walƙiya da a ke kira IPL, wadda ba leza ba ce ko da ya ke a kan tallata ta da sunan, da 'yan ƙanana irinta da a ke sayarwa ta intanet don a yi a gida. Waɗannan su suka fi ƙona baƙar fata. Da likitar ta ji yadda aka yi wa 'yata, ta ce ga alama irin wannan aka haska mata.

Maganar an yi sau ɗaya shi ke nan kuwa, duk manomi ya san ƙarya ce. Ciyawa ba ta fitowa rana ɗaya, shi ya sa bayan noman fari a ke maimai. Haka gashi, wani yana girma, wani yana hutawa, leza kuwa mai girman kaɗai ta ke kamawa. Don haka a kan koma sau 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, da tazarar mako 4 zuwa 6 in a fuska ne. Ko bayan an gama, abin da a ke samu raguwa ce mai yawa: gashin ya yi kaɗan, ya yi laushi, ya daɗe bai fito ba. Ita kanta hukumar Amurka raguwa mai ɗorewa ta yarda masu na'urar su ce, ba ƙarewa ba. Furfura kuwa ba ta jin leza ko kaɗan, tun da ba baƙin da zai sha hasken. Ga 'yan kaɗan ma, musamman a fuska, gashin ya kan ƙaru maimakon ya ragu. Mai ciwon nan na ƙwai, in ba a taɓa ciwon ba, sabon gashi zai yi ta tsirowa kusa da wanda aka ƙone.

Sai mutumin Doguwa ko Riruwai ya zauna ya yi lissafi. Na'urar nan ta manyan birane ce. Zuwa 8 ke nan ta dajin Falgore, da kuɗin mota na mutum biyu tun da ba a barin mace ta tafi ita kaɗai, ga kuɗin aikin kansa. Na Bebeji da Tiga sun fi kusa, amma su ma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda zai kashe wannan, ya kamata ya fara kashe kaɗan a kan awon jini da hoton mara, waɗanda za a iya soma maganarsu tun daga asibitin gwamnati mafi kusa.

Akwai kuma hanyoyin da ba su kai leza tsada ba. Ta fari aski. Na san abin da a ke cewa, wai in an aske sai ya ƙara kauri. Wata malama a Amurka, Mildred Trotter, ta auna wannan tun 1928, ta ga aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko saurin fita. Bakin da reza ta yanke ne ke da kaifi a hannu, shi ke sa a zaci haka. Tsigewa da hantsaki ma ta fi aski ɓarna ga fatarmu, gama ita ke barin ƙuraje da baƙin tabo. Ta biyu magungunan sha: ƙwayar tsara iyali irin mai sinadari biyu tana rage sinadarin maza ta kuma daidaita al'ada, wani lokaci a kan ƙara da wata mai suna sifironolakton. Sai an yi wata 6 kafin a ga aikinsu, kuma likita ne zai duba ko sun dace da mace. Ta uku, ga mai ƙiba, rage 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta sau da yawa ya kan komo da al'ada kan hanya. Ta huɗu allurar lantarki, wadda a ke sokawa cikin ramin gashi ɗaya bayan ɗaya. Wani likitan ido, Charles Michel, shi ya fara bayyana ta cikin 1875 don gashin ido mai juyawa ciki yana sukar ƙwayar ido. Tana da jinkiri, amma tana kashe har furfura.

Akwai kuma wani man shafawa mai suna eflonitin, wanda ke rage saurin fitar gashin fuska muddin ana shafa shi, in an bari ya komo. Labarinsa ya shafe mu. Dattawan kudancin Kano sun san ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, wanda ya sa cikin shekarun 1930 da 1940 aka tashi ƙauyuka a Anchau, maƙwabtanmu na ƙasar Zazzau, aka gina Takalafiya. To, wannan magani na ciwon barci ne tun 1990. Cikin 1995 aka daina yinsa, domin masu bukatarsa talakawan Afirka ne. Sai cikin 2000 ya fito a Amurka a matsayin man gashin fuska, aka yi ta surutu, cikin 2001 aka koma yin na ciwon barci bisa yarjejeniya da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ashe gashin da mu ke yi wa dariya, a wata ƙasa kasuwarsa ta isa ta tashi maganin da aka binne.

Malamai za su tambaya, shin ya halatta? Abin da aka yi hani a kansa shi ne tsige gira don ado. Amma gemu ko gashin baki in ya fito wa mace, Imamu Nawawi, wanda ya rasu cikin 676 na Hijira, ya bayyana cikin sharhinsa na Sahihu Muslim cewa kawar da shi abin so ne, da yawa daga malamanmu na Malikiyya kuwa har sun ce wajibi ne gare ta. Saura a kiyaye abu biyu, kada a cuci jiki, kuma mace ta yi wa mace.

Wadda ta ga likita, aka san dalilin gashinta, ta kuma ƙudura za ta yi leza, ga abin da zan ba ta guzuri. Na ɗaya, ta tambayi sunan na'urar da lambarta, in ba a iya faɗa mata ba ta ɗauki mayafinta. Na biyu, ta tambaya wane likita ke lura da wurin, kuma sun saba yi wa masu irin launinta. Na uku, a fara gwadawa a ɗan wuri ƙanƙane da ba a gani, a jira kwanaki a ga yadda fata za ta yi. Na huɗu, ta daina tsigewa da halawa wajen wata guda kafin ranar, sai dai aski, domin in an cire saiwa ba abin da haske zai kama. Na biyar, ta faɗi gaskiya in tana bilicin, ko in jikinta mai yin tabo mai tudu ne. Na shida, a rufe mata idanu da tabarau na musamman, gama hasken nan yana makantarwa, kada garin neman gira a rasa ido. Na bakwai, ta guji rana bayan an yi, in kuwa tana da ciki ta dakata sai ta sauka. Wurin da ya fi kowa araha, a tuna araha ba ta ado.

Bari in ƙarasa labarin 'yata. Likitar ta sa aka kira mijin, ya zo yana sunkuyar da kai. Ta ce musu, "Magungunan da ke rage gashin nan, ɗaya yana hana ciki, ɗayan kuma ba a shansa in ana neman ciki, gama yana cutar da ɗan tayi. Sai ku zaɓi wanda za mu fara." Na zaci yarinyar za ta ce gashi, tun da ta ce mini ba ta neman kome bayan wannan. Sai ta yi shiru, can ta ce, "Likita, a fara da haihuwa." Mijin ya ce shi dā ma gashin bai taɓa damunsa ba, surutun gida ne ya fi ƙarfinsa. Na ce masa, "Da ka faɗi haka tun fari, da awaki biyu suna nan."

Aka sa ta rage zaƙi da lemon kwalba, ta riƙa tafiya a ƙasa, ta watsar da mayukan kasuwa, daga baya aka ba ta ƙwayar da ke sa ƙwai ya nuna, mai suna letrozol. Tabon ya ɗauki watanni kafin ya dushe. Ba kowace mace ce abin zai zo wa da sauƙi haka ba, amma ita Allah ya nufa, cikin 2025 ta haifi 'ya mace. Gashin kuwa yana nan. Tana aske shi bayan kwana biyu, ba ta ɓoye rezar, ta ce in ta yaye za ta koma wurin likita su yi maganar saura.

Saboda haka ina kira gare ku, 'yan'uwana malamai da akawuna, tun da ku ne a ke kawo wa takardar asibiti ku karanta, ku ne kuma a ke tambaya a zaure. In kun ji ana yi da wata a kan gemu, ku tsawata. Ku sa matanku su tambaye ta a asirce yaya al'adarta, me ta ke shafawa, me ta ke sha. Malamai mata na makarantun 'yammata su lura da wadda ba ta rabuwa da takunkumi ko da zafi. Maza kuma, kalma ɗaya mai daɗi daga bakinku ta fi na'urar birni saurin aiki, kuma kyauta ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mako mai zuwa in muna da rai.

Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Malamin Makaranta,
Ƙasar Kiru.